Ranar da Malam Barau Ya Ƙi Ɗaure Likkafani

Shekara talatin da ɗoriya, in aka yi rasuwar namiji a unguwarmu ko a ƙauyukan gefen Dutse, ƙofar Malam Barau ake fara ƙwanƙwasawa. Da an idar da Asuba zai zauna a dakalin zaurensa, ganyen magarya a shanye gefe guda, allura da zare a aljihu. In an aiko, ba ya tambayar ɗan gidan wa ne, butarsa kawai yake ɗauka. Bana hannunsa ya fara rawa, ya ajiye aikin, kuma ban ji an taru an ce masa sannu ba.

Wankan gawa yana da ƙa'ida: abin da ido ya gani a jikin mamaci, baki ba ya faɗa. Malam Barau ya riƙe wannan amana har ana tsokanarsa cewa rijiya ma ta fi shi surutu. To, shirun nan ne wasu suka mayar mafaka. A zamanin soja, in mutum ya mutu a tsare a wani caji ofis da ba zan kama sunansa ba, sai a kawo shi naɗe a tabarma, a ce ciwon ciki ne, a ce Malam ya hanzarta kafin rana ta take.

Da daminar 1996 aka kawo Idirisu, makiyayi daga wajen Miga, magidanci mai 'ya'ya uku. Ranar kasuwa aka kama shi bisa zargin satar saniya, kwana huɗu aka fito da gawarsa. Ina wurin, ina koyarwa a firamare a lokacin. Mahaifinsa, Arɗo Maharazu, yana zaune cikinmu yana ta faɗin kwana ne ya ƙare. Wani sajan yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo.

Malam Barau ya daɗe a ciki fiye da yadda ya saba. Da ya fito, hannunsa na ɗigar ruwa, ya ce, “Arɗo, taso ka ga ɗanka kafin in rufe shi.”

Sajan ya tare ƙofa. “Haba Malam, kai da ka san addini? Ai ba a tona asirin gawa.”

“Asirin mamaci aka ba ni amana, Sajan,” in ji shi. “Ba a ba ni na wanda ya yi masa wannan aika-aika ba.”

Ya kama hannun tsohon ya shiga da shi, ya kira liman da dattawa biyu su shaida. Sun ga shatin igiya a wuyan hannu, haƙarƙari ya lotsa, tafin ƙafa a farfashe. Arɗo ya fito bai yi kuka ba. Cewa kawai ya yi, “Ashe ba cikinsa ba ne.”

Bayan kwana biyu aka zo aka tafi da Malam Barau, wai ya tayar da hankalin jama'a. Kwanansa tara a tsare, ya dawo kunnen hagu ba ya ji. A nan kunyarmu take. Mutumin da ya wanke iyayenmu, amma ko ɗayanmu bai taka ƙofar ofishin nan ba. Ni da nake taƙama da iya rubuta takardar koke, na ce ina da iyali, na ja bakina na tsuke.

Saniyar kuwa an tsince ta daga baya a cikin wani garke, ɓata ta yi. Sajan aka sauya masa wurin aiki, shi ke nan. Da aka kafa shari'ar Musulunci a jiharmu, Arɗo ya sa rai, ya je kotu, Malam Barau ya bi shi ya ba da shaida. Alƙali ya saurara da kyau, sannan ya ce 'yan sanda ba sa ƙarƙashin ikonsa. Haka Arɗo ya rasu bai ga an tuhumi kowa ba.

Duk da haka, Malam, ba a banza ka rasa kunnenka ba. Kai ne ka sa 'ya'yan Idirisu suka tashi da sanin ba ciwo ne ya kashe ubansu ba. Kai ne ka sa a yankinmu yanzu ba a yarda a suturta wanda ya mutu a tsare sai danginsa sun gan shi da idonsu. Namijin duniya, mai tsoron Allah shi kaɗai.

Makon jiya na je neman gafararsa, na zauna ta wajen kunnen dama. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, na yafe tun tuni. Dukan bai dame ni ba kamar yadda na yi kwana tara ina kallon ƙofa, ina cewa yau wani zai leƙo.”

Mun gode, Malam Barau, Allah ya saka maka da abin da muka kasa. Ku kuma na baya, in an tsare wani naku, kada ku yi irin namu. Ku je tun ranar ku tsaya a ƙofar, ko ba ku da abin faɗa, don na ciki ya san ba a manta da shi ba.