Ranar da Na Tumɓuke Wuta-wutar Malam

Ko tsufa ya ɗauke min komai, ba na jin zai ɗauke Asabar ɗin da na yi wa kwalejin noma aikin da ba wanda ya sa ni.

Shekarata ta farko ce a kwalejin, can wajen Gusau. Duk ɗalibin da ya shiga aikin gonar makaranta ana biyansa a ƙarshen mako, ni kuwa da wannan ɗan abin nake ci. In aka cire ni daga aikin, sai dai in naɗe tabarmata in koma ƙauyenmu Furfuri. Ga shi kuma ni ɗan manomi ne, kaina ya kumbura. Ina ganin 'yan birni sun riƙe fartanya kamar cokali sai in yi ta dariya.

Ranar na gama noman masarar da aka ba ni da wuri. Ina dawowa sai na hangi wata 'yar gonar dawa, an kafa wa kowace kunya ɗan allo, wuta-wuta ta cika ta da fure. A gidanmu abin kunya ne ka ga wannan ciyawa ka wuce, domin ita ke shanye dawa tun daga saiwa. Na ce lallai 'yan boko ba su san gona ba. Na tuɓe riga na afka mata, ina tumɓukewa ina waƙa. Kafin azahar gona ta yi fes.

Sai ga malaminmu na aikin gona, wani dattijo ɗan Tsafe, a kan babur. Ya tsaya cak.

"Wa yat taɓa wagga gona?"

"Ni ne, Malam!" Har da washe baki, ina jiran yabo.

"Innalillahi! Tun farkon damina nike jiran wanga fure!"

Ashe kowace kunya irin dawarta daban, kuma da gangan aka bar ciyawar, ranar Litinin za a ƙirga a ga wane iri ne ya fi ƙarfinta. Ya ce in ajiye fartanya, na gama aiki a gonar makaranta. Wallahi har na fara ganin fuskar babana in na koma gida.

Ya hau babur, sai kuma ya waiwayo. "Ka ƙone ta?"

"A'a, Malam. Baba ya hana a ratsa gona da ita, kada irinta ya zuba. Ta kowace kunya tana bakin kunyarta, nan za a sa mata wuta."

Ya diro daga babur ya nufi gonar, ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu haka ba! Ga tsibi-tsibi a jere, kowanne a gindin allonsa. Wasu sun kai gwiwa, amma na kunya ɗaya bai cika tafin hannu ba. Malam ya ɗaga shi sama yana kabbara: "Wagga ita ce! Wagga ita ce!" Ashe dawar wannan kunya ce ta fi ƙarfin wuta-wuta. Muka duƙa muna ƙirga ciyawar kowane tsibi har la'asar, shi yana rubutawa, ni ina murna kamar ni na ƙirƙiro irin.

Bai kore ni ba. Sai da ya ja min kunne sosai, sannan ya damƙa min kula da gonar.

Yau ni ma malamin gona ne. Ranar na koyi cewa in na ga abin da ya yi min kama da wauta a gonar wani, in tambaya kafin in miƙa hannu. Na kuma daina raina abin da Baba ya koya min, domin girman kaina ne ya jefa ni, tarbiyyarsa ce ta fitar da ni.