Ƙullin Gishirin da Na Kai Gidan Malam Lawal

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Lawal makwancinsa. A layinmu nan Tudun Wada, masu tuna shi suna tuna malamin firamare ne mai farar riga da tsohon keke, wanda ya koya wa rabin magidantan unguwar karatun boko. Ni abin da nake tunawa daban ne, kuma ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba sai yau. Ina tuna wani ƙullin gishiri da na kai gidansa da hannuna, ina tafe ina dariya. Har yanzu ina ganin ƙullin nan yana cikin abin da ya rage masa kwana, ko da yake na san ajali na Allah ne.

Malam Lawal taubashina ne. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, don haka tun muna yara aka ba mu lasisin zagin juna, babu mai fushi. Ya girme ni da shekara huɗu, amma ban taɓa raga masa ba. Idan ya sa sabuwar hula in ce aro ce. Idan na buɗe shagon yadina a makare ya ce dama talauci ya fi dacewa da ni. Mutane kan tsaya su saurare mu kamar masu sauraron rediyo. Duk duniya ba ni da wanda nake sakewa da shi kamarsa, kuma na yi zaton babu abin da yake ɓoye mini.

Muna da ciyayya a layin. Bayan sallar Magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon tuwon gidansa, mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Lawal, mu bakwai. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Haka muka gada, kuma amfaninsa a bayyane yake: wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba zai ci ya ƙoshi, ba tare da an san halin da yake ciki ba. Amma akwai abin da ba a faɗa. Kwanon mutum shi ne mutuncin gidansa, kuma duk wanda ya sa hannu a ciki ya san ko matar gidan ta iya girki. Kwanon Malam Lawal shi muke ajiyewa ƙarshe, saboda miyar kukar Hajiya Rabi, matarsa, ba ta da na biyu. Daddawa ta ji, man shanu yana yawo a sama.

Wata rana aka buɗe kwanon, na kai loma, na ji miya lami. Ba gishiri, ba dunƙule, ba man shanu. Sauran mutane suka yi ta ci suna sunkuyar da kai, irin kawaicin manya. Ni kuwa ina da lasisi.

Na ce, "Malam, me ka yi wa Hajiya take hukunta unguwa gaba ɗaya? In laifi ka yi ka je ka ba ta haƙuri, mu ba ruwanmu."

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ce, "Sule, kai dai ci ka yi shiru, a gidanku ko wannan ba a samu."

Washegari miya ta sake zuwa haka. Rana ta uku ma haka. Na ɗauki abin na mayar sana'a, har a masallaci sai in raɗa masa cewa za a yi masa karo-karon gishiri. A rana ta huɗu na biya kasuwa na sa aka ƙulla mini gishiri da 'yan dunƙule, na tsaya a zaurensa na yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Na ce, "Hajiya, ga gudummawa daga 'yan ciyayya, mun ji an shiga wani hali!" Ta miƙo hannu daga bayan labule ta karɓa. Ba ta mayar mini da magana ba, alhali ita ma gwanar ramuwa ce. Na lura da shirun nan, amma na ɗauka na ci ta da wasa ne.

Daga ranar miya ta dawo yadda take. Na yi ta cika baki cewa ni na ceto unguwa. Muka ci gaba da ci kusan shekara biyu, har da tsiren da nakan kawo ranar Juma'a, mai kitse, don na san shi yake so. Nakan ga yana dafe ƙeya wani lokaci, ko ya ce idonsa na yin duhu-duhu idan ya miƙe. In ce tsufa ne ya zo karɓar haƙƙinsa.

Wata safiya ya faɗi a tsakar gida yana shirin fita. Kafin mu kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Likitan da ya duba shi ya tambaya ko yana da hawan jini. Na yi caraf na ce lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai cika yi ba. Sai na ji Hajiya Rabi a bayana ta ce, a hankali, "Yana da shi, likita. An daɗe da gaya masa." Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance. Yana gane ni, yana bin fuskata da ido, amma ko kalma ɗaya bai sake furtawa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ban iya tambayarta komai ba sai bayan ta fita takaba ta koma wurin ɗanta a Gyallesu. Na je gaishe ta, na zauna a bakin ƙofa, na ce, "Hajiya, miyar nan ta kwana uku, ta likita ce?"

Ta ce, "Ta likita ce, Malam Sule."

Ta gaya mini yadda aka yi. An auna shi aka ce jininsa ya hau sosai, aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri da dunƙule da kitse. Ta ce za ta riƙa yi masa tasa tukunyar daban ya ci a cikin gida, a fitar wa mutane da ta kullum. Ya ce shi ba zai ɓuya a ɗaki ya ci abinci kamar marowaci ba, kuma ba zai zauna a tabarma ya naɗe hannu ana ci ba, sai an tambaye shi dalili. Shi ne suka gwada fitar da irin tasa miyar, ko za ta wuce ba a tanka ba. Ranar da na kai ƙullin nan ya shigo ya same ta tana hawaye, ya ce ba za a mayar da matarsa abin dariya a unguwa saboda shi ba, ta mayar da girkinta yadda yake. Maganin ma daga baya sai ya ji ciwon kai yake sha.

Yau idan na dubi tabarmar nan sai in ce ina ma yana nan ya gani. Mu biyar muka rage, kuma huɗu cikinmu kowa da ƙwayar da yake haɗiya, wani ta hawan jini, wani ta ciwon sukari. Ni ma ina ciki. Ɗayanmu 'yarsa da ke aure a Hanwa ta saya masa na'urar awon jini, yakan fito da ita mu yi ta miƙa hannu bi da bi kafin a buɗe kwano. Yanzu mutum zai ce, "Ni ban da wannan, an hana ni," a ture masa wani kwanon, babu mai ɗaga kai. Na san da Malam Lawal zai ce mun mayar da ƙofar gidansa ɗakin shan magani. Na kuma san zai yi faɗa idan ya ga jikokinsa sun tashi ba su san ɗanɗanon daddawa ba, sai taliyar leda da lemon roba safe da yamma. Abin da ke ci mini rai shi ne sauƙin abin. Magana ce guda, da ya faɗa a lokacin, da an wuce wurin.

Amma ba na ɗora masa laifi. Mu muka gina wurin da namiji ba ya iya cewa ba shi da lafiya, kuma ni ne mai babban baki a wurin. Har yanzu ina ganin irinsa a wajen biki da suna, mutum ya san an hana shi abu, a miƙo masa, ya karɓa don kada a ce ya raina. Idan ka ga ɗan'uwanka ya canza cimarsa ba zato, kada ka yi abin da na yi. Ka ja shi gefe ka tambaye shi, ko ka yi shiru ka ci abin da ya kawo.

Kafin in tashi ranar nan a Gyallesu, na yi wa Hajiya Rabi tambayar da ta fi damuna. Na ce, ko da zai ɓoye wa kowa, ni me ya sa ya ɓoye mini? Ta ce ta roƙe shi ya gaya mini, har sau biyu. Ya ce mata, "In Sule ya sani zai fara tausaya mini. Zai riƙa yi mini sannu. Ki bar mini shi yadda yake."

Ɗalibansa suna nan sun zama mutane, 'ya'yansa suna yi masa addu'a, ciyayyar da ya riƙe ba ta watse ba. Wannan ba ƙaramin abin bari ba ne, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ni kuma abin da ya bar mini shi ne maganar nan, kuma shekara bakwai ban san inda zan ajiye ta ba. Ya samu abin da ya so, don har cin tuwonmu na ƙarshe ina tsokanarsa yana ramawa. Amma da ya tambaye ni, da na zaɓi in yi shekara ashirin ina yi masa sannu yana jin haushina.