Abin da Ya Hau Kututture a Bayan Rumbu

Kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan abin nan, har da Baba da yake ganin ya san daji. Inna ta ce asiri ne. Baba ya ce aman kare ne, alhali ko maƙwabtanmu ba su da kare. Ni na san abu ne mai rai da ke yawon neman abinci, amma sanin nawa bai hana a kori Bafulatanar da ke kawo mana nono ba.

Damina ta biyu ce bayan fitowar naira, na dawo Kucheri hutu daga sakandare a Gusau. A bayan rumbunmu akwai ruɓaɓɓen kututturen marke da Baba ya jawo daga daji. A kansa Bafulatanar take zama da hantsi, ta ba mu nono mu ba ta gero. Wata safiya sai ga abu ruwan ɗorawa a jikinsa, mai danƙo, kamar kunu ya zube. Washegari ya matsa taƙi guda wajen rumbu.

"Wa ke zama nan in ba ita ba?" in ji Inna. "Mudu ya yi mata kaɗan, rumbun duka take so."

Da matar ta yi sallama, daga zaure Inna ta maida ta. Ban manta yadda ta gyara ƙwaryarta a ka ta juya ba.

Na kasa zama. Malamarmu ta kimiyya, wata Kirista 'yar Jos, ta taɓa kai mu kurmin bakin gulbi a Bunguɗu, ta ɗaga ruɓaɓɓen icce ta nuna mana irinsa. Ba tsiro ba ne, ba dabba ba, ba kuma naman kaza ba. Jiki ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, yana malala a kan danshi yana haɗiye ƙananan halittun da ke ruɓar da icce da ganye, waɗanda ido ba ya gani.

Na zana iyakarsa da gawayi. Gefe ɗaya na ajiye jiƙaƙƙen gero, gefe ɗaya gishiri. Sau nawa na leƙa ranar, Allah kaɗai ya sani. Har miya na ƙona. Kafin la'asar ya miƙa 'yan jijiyoyi ya lulluɓe geron, gishirin kuwa ya kewaye shi. A nan tsugune na ga Inna ta zo ta watsa ƙasari, ruwan wankin surfe, a gindin kututturen. Tun da aka sayar da akuyarmu nan take zubar da shi kullum.

"Inna, ke kike ciyar da shi."

"To, malama. Abin da bai da baki, da mi yake ci?"

"Da jikinsa duka."

"Kin ji ko? Kuma ki ce mini ba asiri ba ne."

Na kai ƙara wajen Baba. Yana wasa fartanya, bai ko ɗago ba. "Ki bar uwarki da tsoronta. Hutunki kwana nawa ya rage?"

Ruwa ya ɗauke kwana huɗu, abin ya bushe ya zama ɓawo, ciki gari baƙi-baƙi da iska ke kwasa. Na ce irinsa ne yake watsawa. Inna ta ce a'a, mai shi ta daina zuwa, shi ya sa ya mutu. Har ta fara faɗa wa matan unguwa, gida biyu suka daina sayen nonon.

Na wanke gwangwanin madara, na huda murfinsa. Na ce gobe da sassafe zan shiga daji in bi ruɓaɓɓun itatuwa ɗaya bayan ɗaya har in sami wani, in kawo shi tsakar gida inda Bafulatana ba ta taɓa zama ba, in ciyar da shi a gaban matan nan. Daga can zan wuce ruga in gaishe da Bafulatanar.