Malamar da ke Rubutu a Gefen Fom

Ƙarfe shida da rabi take tayar da babur ɗinta. Babur ɗin ya girmi wasu ma'aikatanmu, kuma sai ta buga shi sau huɗu kafin ya amince. Jaka a baya, cike da fom da fensir uku da ta feƙe da reza, sai gorar ruwa. Ba ta biyowa ta ofis da safe, ta ce manomi ba ya jiran mai sa hannu a rajista. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan sammako, ranar Juma'ar nan kuma za ta ajiye aiki. Mu a ofis Yaya muke ce mata, har da Oga. Manoma kuwa Malama kawai.

Aikinta tattara bayanai daga gonaki. Nawa aikin in zauna ƙarƙashin fanka in zuba bayanan a kwamfuta, in gina lissafin da zai yi hasashen abin da manomi zai zaɓa ya shuka alhali bai san yadda damina za ta kaya ba. Ni da ko barkono na dasa a bayan gida sai ya mutu, ni ne masanin zuciyar manomi. Haka takardar shaidata ta ce.

A fom ɗin da na tsara, tambaya ta tara ita ce: "Me ka shuka a wannan gona?" Gabanta gurbi ɗaya. Sauran masu tattara bayanai ba su taɓa ba ni ciwon kai ba. Su leƙa gona, abin da ya fi tsayi shi za su rubuta. Yaya kuwa, sai ta cika gurbin, ta gangara gefen takarda, ta juya baya: gero a tudu, dawa wajen kwari, wake tsakanin kunya, gyaɗa layi shida ta matarsa. Wani wurin har da, "Ya ce masara ya yi niyya, ruwa ya makara, ya fasa."

"Yaya, kwamfuta ba ta karɓar wannan," na ce mata wata rana. "Abu ɗaya take so."

"To ka ba ta haƙuri," in ji ta. "Gonar ba abu ɗaya ba ce."

Sai na riƙa ware nata a kwali, ina aiki da masu tsabta. Lissafi ya fito fes: masara zalla, sabon iri. Cikin kowace shekara goma, a shekara bakwai za ta ninka abin da ake samu. Rahoton ya yi kyau, har da zane mai launi. Daga nan hukumar da ke raba iri da taki ta kafa sharaɗi: mai shuka masara zalla shi ke cikin jerin masu karɓa, mai cakuɗa gona a cire sunansa. A ƙauyukan da Yaya ke zuwa, mutum ɗari biyu da sha ɗaya abin ya shafa. Ita aka ce ta fitar da sunayen, tunda ita ta san su.

Ina ofishin Oga ranar da aka kira ta, direbanmu yana bakin ƙofa, shi ne shaidata.

"Yaya, sa hannu kawai za ki yi," in ji Oga.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi ba."

"Umarni ne daga sama."

"To saman ta sauko ta cire su da kanta. Ni na sha ruwa a gidajensu."

"Kin san a watan nan ake duba ƙarin girma?"

"Na sani. A duba da kyau."

Washegari ta tsaya a kaina ta ce in taso. Na ce akwai mota. Ta ce mota ba ta shiga inda za mu. Haka na hau bayan babur da takalmin ofis, na riƙe ƙarfen baya ina salati a kowane rami, har gonar wani dattijo da take kira Baba. Na yi masa bayani da yatsu, kamar yadda ake yi wa wanda aka raina: bakwai cikin goma.

"Madalla," ya ce. "Sauran ukun fa, ɗana?"

"Ukun... akwai ɗan haɗari."

"Waɗanne ne a ciki? Faɗa min tun yanzu, in kwaso iyali mu sauka gidanka."

Matarsa tana cirar ciyawa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tambaye shi dai ɗaki nawa gare shi."

Na ce idan aka haɗa shekarun goma aka raba, matsakaicin ya fi. Baba ya dafa hauyarsa ya dube ni da tausayi.

"Shekara hamsin ina noma, ban taɓa ganin matsakaiciyar damina ta sauka a gonar nan ba. Ko ta yi yawa, ko ta makara, ko ta ɗauke a tsakiya. Geron can na shekarar da ruwa ya gudu ne. Dawar can ta shekarar da ya zauna. Waken nata ne, ba na sa baki. Yara kuma ba sa jira a haɗa a raba."

Lissafina yana neman shukar da ta fi cika buhu. Shi yana neman wadda ba za ta bar rumbu wayam ba a shekarar da ta fi muni. Na gane tun a gonar. Na dawo ofis na ja bakina na yi shiru, domin rahoton ya riga ya tafi da sunana a bangonsa. Iyakar jarumtata ke nan.

Aka mayar da Yaya sito, ita da buhunan taki da ɓeraye. Wani ya fitar da sunayen cikin rabin yini. Ƙarin girma ya wuce ta. Kuma damina biyu a jere ruwa ya zuba yadda ake so, masara ta yi goyo biyu-biyu. Masu wucewa ta ƙofar sito sukan leƙa: "Yaya, ina mutanenki na gefen fom?" Takan ce, "Suna gaishe ku."

Abin da ba mu sani ba, kowace Asabar tana komawa gonakin nan, na waɗanda aka cire da na waɗanda aka bari, tana rubuta abin da kowa ya shuka, da ranar da ya canza shawara, da dalilinsa, tana tarawa a kwalaye.

A shekara ta uku ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku, daidai lokacin da masara ke shirin goyo. Ta hana ni in kira wannan nasararta. "Mutane sun tashi ba hatsi," ta ce, "kai kana neman wanda ya ci gardama." Hukumar ta aiko tana tambaya yaya aka yi, kuma duk ofishin babu mai amsa sai kwalayen Yaya. Da su muka sake gina lissafin, wannan karon da tambayar Baba a cikinsa. Aka soke sharaɗin, Yaya ta koma aikin fili, sunaye suka koma jeri, ban da mutum bakwai da rashin taki ya sa suka bar gona suka tafi neman aikin ƙarfi a birni.

Sabon rahoton yana da sunaye huɗu a bango, nawa na biyu. Ita tana shafin ƙarshe, cikin "sauran ma'aikatan fili". Na rubuta cewa ko a sa sunanta ko a cire nawa. An ce ba a saba ba. To a fara sabawa. Wanda bai ji daɗin wannan rubutu ba, ya san inda teburina yake.

Yaya, ke ce kika ƙi rage gaskiya don ta shiga gurbi. Ke ce kika ji manomi da kunne, lokacin da mu muke jin sa da na'ura. Mai fensir uku, kin fi mu da digirorinmu. Mun gode, kuma ni na fi kowa cancantar in faɗa da ƙarfi. Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya.

Ku kuma da aka ɗauka aiki bana aka ba ku waya maimakon takarda: idan amsar manomi ta fi ƙarfin tambayarku, tambayar za ku gyara. Idan aka ce ku goge sunan mutum don bai yi kama da lissafi ba, ku ce a'a, ku kuma shirya wa abin da zai biyo baya, domin zai biyo.

Ranar Juma'a za a ba ta agogon bango, a matakin albashin da take tun ranar da ta ƙi sa hannu. Jiya na tambaye ta ko akwai abin da ya tsaya mata a rai.

"Mutum bakwai ɗin nan," ta ce. "Biyu sun dawo gona bana. Saura biyar, kuma daga Litinin ba mai tambayata ina za ni."