Awon Yadi a Tsakar Gidan Obiageli

Obiageli tela ce. A Sabon Gari aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan kuma ta shekara talatin da huɗu tana taka keken ɗinki a barandar wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Mijinta Ikechukwu, wanda kowa ke kira Baban Adaugo, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna wa mutane yadi a wani shago a Kantin Kwari.

Shekara shida kafin korona, ciwon rawar jiki ya kama shi, wanda likitoci ke kira Fakinsan. Rawar hannun ba ta dami Obiageli kamar kafewar ƙafa ba. Yana cikin tafiya sai ƙafafun su tsaya cak, kamar an dasa su cikin siminti. Likitar da ke duba shi ta gaya mata a fili cewa ranar da ya daina takawa, jikin zai sandare, gado ya riƙe shi.

Maganin kafewar a bakin Malam Abdulmuminu yake, tsohon abokin aikinsa da ke zaune a Fagge. Kullum da hantsi zai sauko daga Adaidaita Sahu, ya tsaya a gabansa, ya ja murya irin ta masu awo: "Yadi ɗaya... yadi biyu..." Ƙafar sai ta saki, ta bi ƙirgar.

Ranar sha shida ga Afrilun 2020 aka rufe gari saboda korona. Obiageli ta leƙa titi ta ga babu kowa sai zafin rana yana rawa a kan kwalta. Ta ji kukan kurciya daga nesa, abin da rabonta da ji tun tana yarinya.

Malam Abdulmuminu ya koma ƙirga ta waya. Obiageli ce ke riƙe wayar kusa da kunnen mijin, tana tafe a gefensa a hankali. Tsakanin yadi da yadi sai Malam ya riƙa zagayawa da shi gari da baki. "Ike, ga mu a Bata. Ka ji ƙanshin gasasshiyar masara? Yadi tara. Mun hau titin Ibrahim Taiwo, kauce wa mai kura." Obiageli takan lumshe ido ta ga shagunan a buɗe, atamfofi na kaɗawa a iska, alhali daga ƙofar ɗaki ne zuwa bakin famfo.

A rana ta goma sha ɗaya matar Malam, Ummakulsum, ce ta ɗauki wayar. "Maman Adaugo, Malam na kwance da zazzaɓi, muryar ma ba ta fita. A sa mu a addu'a."

Obiageli ta gwada ƙirgar da kanta. Ƙafa ta ƙi.

"Ƙirgarki ta teloli ce," in ji Baban Adaugo cikin siririyar muryarsa. "Sauri kamar jajiberin Kirsimeti."

Kwana uku bai wuce bakin ƙofa ba. Ta shafa masa man zafi a gwiwa, ta ba shi magani a kan lokaci, tana jin yadda ƙwaurinsa ke ƙara tauri a tafin hannunta.

Rana ta huɗu ta tsayar da shi a jikin ƙofa don ya sha iska. Hannunta ya rasa abin yi, sai ta janyo bandir ɗin shuɗin yadi na kayan 'yan makaranta, wanda rufe makarantu ya bar mata. Tef ɗin awonta na cikin ɗaki, don haka ta soma aunawa daga kan hanci zuwa bakin yatsa, hankalinta na can Fagge.

"Miƙe gwiwar hannun nan," in ji Baban Adaugo.

Ba ta ji ba.

"Obiageli! Kin lanƙwasa hannu. Yadin wa kike ci?"

Ta ɗago. Ya saki ƙofar. Ƙafar dama ta riga ta sauka kan simintin tsakar gida, ta hagu na biye, idonsa ƙur a kan hannunta. Ba ta miƙa hannu ta tare shi ba. Ta ja da baya taku ɗaya, ta sake aunawa, ta ƙara lanƙwasa gwiwar da gangan.

"A shagona da tuni na sallame ki."

"To zo ka sallame ni, Oga."

Shuɗin yadin ya warware a tsakaninsu yana bin ƙasa kamar ruwa, shi kuwa yana bin gefensa yana faɗa. Sai a bakin famfo ya cim mata. Ya kama hannunta da yatsunsa masu rawa, ya miƙar da shi sosai, ya juya mata haɓa gefe.

"Haka ake yi. Saura yadi nawa?"

Ta dubi bandir ɗin, ko rabi ba a taɓa ba.

"Da yawa, Baban Adaugo," ta ce, ta sake ja da baya.