Ranar da Shatu Ta Share Lambunta

Shatu 'yar unguwar Amriguébé ce a birnin N'Djamena, a can aka yanke mata cibiya, amma a unguwar Farcha ta tsufa, tana noman latas da yakuwa a bakin kogin Shari. Tsabtarta har ta yi yawa. Ko kaza ce ta ratsa tsakar gidanta sai ta bi sawun da tsintsiya.

Da aka kafa kamfanin haɗa batiran sola a bayan lambunan unguwar, ita ta fara ganin wani ruwa mai kumfa yana gangarowa ta kwata. Latas ɗinta ya ƙone, hannunta ya tsattsage. Ta faɗa wa maƙwabciyar lambunta, Mero, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba. Mero kuwa akwai baki. Ta kai maganar wurin matasa masu kare muhalli, kafin wata ya mutu sai ga muryarta a rediyo.

Abin ya tsaya wa Shatu a rai, kishi ne tsagwaronsa. "Jiya-jiya ta sauka daga mota," in ji ta, "ko Larabcin cefane ba ta iya ba, amma ita ce mai kogi!"

Wata rana Mero ta leƙo. "Yaya Shatu, gobe matasan za su zo da kyamara. Naki ya fi lalacewa, da ke za a fara."

Shatu ta ji daɗi har ranta. Sai dai kuma, baƙi su tarar da ƙazanta a wurinta, duk N'Djamena na kallo? Ina! Ta tuge ƙonannen latas ta binne, ta kwashe kumfar, ta aro dashe kore shar daga wurin ƙaninta ta jera, ta share, ta kunna turaren wuta.

Matasan suka zo suka yi cirko-cirko. Suka sha shayinta, suka gode, suka wuce lambun Mero inda ruɓaɓɓen ganye ke wari.

Ba a jima ba wani mutumin kamfanin ya iso da tasa kyamarar. Shatu ta san ko shi wane ne, amma wannan karon ita aka nema, ba Mero ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tsaya tsakiyar dashen, tun bai kai ga bushewa ba.

Ta fito a talabijin kuwa, a matsayin shaidar cewa ruwan kamfanin lafiya lau yake. Masu lambu suka daina yi mata sannu. Da hukuma ta zo auna ƙasar da ta gurɓace don a biya diyya, aka tsallake lambunta.