Ordinatar Ɗin da Za a Bari a Bana

Har gobe ban manta da ranar da rigimar sond ta bi mu gonar shinkafa ba, lokacin ina teknisiyan a wani atelye, wato shagon haɗa na'urori, a Gaya. Muna haɗa ƙananan kart, wato allunan lantarki, masu kunna pompon pano mai aiki da hasken rana su kashe shi da kansu. Sond kuwa ita ce 'yar na'urar da ake haɗa kart da ordinatar, wato kwamfuta, don a ga inda program ya tuntuɓe.

Shef, maigidanmu, ya ce iri ɗaya zai sayo wa kowa. Ilyasu, mai aiki da Linux, yana son wadda ta saba da nasa. Hadiza, mai Windows, ta ce tata ko babu. Suka hana mu shan shayi da daɗi. Ana cikin haka pompon da muka haɗa wa kooperatib ɗin manoman garin Bana ya tsaya, ga irin shinkafa ya fara yaushi. Shef ya ce su tafi da nasu na gwaji, wadda ta gano matsalar ita za a saya. Aka haɗa su da ni a matsayin shaida.

Ilyasu ya jona tasa, kafin ya taɓa komai pompo ya tashi. Ya fara yi wa Hadiza wa'azi. Yana cirewa, ruwa ya ɗauke. Hadiza ta jona tata, ruwa ya dawo, ita ma ta fara nata. Ta cire, shiru. Kowa na rantsuwa program ɗin lafiyarsa lau, kowa na cewa shi ya ci.

Alhaji Namata, shugaban kooperatib, ya gaji da tsayuwa a rana. Ya tambaye ni mece ce mafita. Sai shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Alhaji, tunda sai da ordinatar yake tafiya, a bar muku mafi kyau a nan har girbi."

Ya ce madalla, wanne ne mafi kyau?

Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Ilyasu ya ce tsakani da Allah na Hadiza ya fi sauƙi ga manomi. Hadiza ta ce, "Haba Ilyasu, ba kai ne kullum kake cewa naka ba ya gajiya ba?" Alhaji kuwa har ya aika a kawo tabarma da za a rufe shi saboda awaki.

Nan fa suka ajiye gardama. Hadiza ta zaro miltimetir, ma'aunin wuta, daga jakarta, Ilyasu ya riƙe mata wayoyi. Ashe regilatar ɗin da ke ba kart wuta ne ya ƙone. Sond ɗin ce ke ɗebo masa wuta daga ordinatar, shi ya sa duk wanda ya jona sai cutar ta ɓuya. Muka canza shi, ruwa ya shiga fadama kafin la'asar.

Shef ya sayo wadda ke aiki da tsarin biyu, kuma ana iya hana ta ba kart wuta. Ku sabbin shiga, ku duba wannan kafin ku zaɓa. Ku kuma san halinmu: shinkafar mutane tana bushewa muna musu, ba mu auna komai ba sai da aka ce ordinatar ɗinmu za a bari a gona.